Zaren fatsa da wutsiyarsa: abin lura ga mai su a bakin teku

Wasiƙa ta zo mana daga wani ɗan kasuwa na Maraɗi da ke saro kaya tsakanin Lome da Dubai. Ya ce a ƴan shekarun nan masu saye sun fara tambayarsa waɗansu irin zaren fatsa da bai san su ba, wannan ya ce «tresse», wancan ya ce «fluoro», alhali shi nilon kaɗai ya tarar a rumfar mahaifinsa. Yana son a rarrabe masa su kafin ya zuba kuɗinsa cikin kwalin da ba zai fita ba. Tambayar ta dace, kuma amsarta ta fi fitowa fili a wurin da aka fi wahalar da zare, wato bakin teku, inda ake yaudarar kifi da kifin ƙarya mai tafiya bisa ruwa.

Wani zai ce: ina ruwan Nijar da teku, ga Yamai da Kwatano akwai fiye da kilometir 1000 ta hanya? Amma duk wanda ya san zaman jiran kaya a tashar jiragen ruwa ta Lome ko ta Kwatano, ko ma'aikacin da aka tura aiki ko ƙaro ilimi a Dakar, Abijan ko Libarbil, ya ga mutanen nan da ke tsaye da asuba a bakin kogi, inda ruwan daɗi ke gamuwa da na gishiri, suna jifa suna janyewa. Daga cikin namu akwai waɗanda abin ya shiga ransu, har sukan dawo gida da sanda da kwarkwaro su je su gwada a kogin Kwara.

Mu fara da shi kifin ƙaryan. Ana sassaƙa shi da itace ko a zuba shi da roba, a rataya masa ƙugiya mai baki uku gaba da baya, kuma ba ya nutsewa. Iri biyu aka fi sani. Na farko bakinsa a rarake yake kamar ludayi. Idan aka fizge shi sai ya watsa ruwa ya yi ƙara, kamar ƙaramin kifin da ake kora. Na biyu dogo ne kamar sigari, ba shi da baki ba shi da harshe. Mai su ne ke ba shi rai da ɗan kaɗa kan sanda, ya karkata dama, ya karkata hagu, yana tafe kamar maciji. Amurkawa sun yi wa wannan tafiya laƙabi da yawo da kare, kuma mafi shahara a wannan iri shi ne Zara Spook na kamfanin Heddon, wanda ya fito a 1939 kuma har yanzu ana sayar da shi. Daɗin wannan su shi ne komi a idon mutum ake yinsa: kana ganin ruwa ya kumbura a bayan kifinka na ƙarya, kana ganin bakin da ya buɗe. Wahalarsa kuwa, ɗan abu kaɗan ke ɓata tafiyar, kuma sau da yawa abin da ke ɓata ta ba hannun mai su ba ne, zaren ne.

Ga dalili. Lita guda ta ruwan daɗi kilo 1 ce cif. Ta ruwan teku ta ɗara da wajen giram 25. To, da za a cika lita da abin da ake yin kitsattsen zare da shi, za a sami giram 970. Da nilon, wajen giram 1140. Da fuloro, wajen giram 1780. Duk abin da ya fi ruwa nauyi zai nutse, wanda bai kai shi ba zai taso. Ke nan kitsattse yana iyo, nilon yana nutsewa a hankali (siririnsa ma yakan daɗe kwance bisa fatar ruwa), fuloro kuwa yana gangarawa ƙasa da sauri. Mai karatu ya riƙe waɗannan lambobi uku, domin kusan duk abin da zai biyo baya daga gare su ya fito. Kifin ƙarya da aka yi don ya zauna a sama, idan aka ɗaura masa zaren da ke jan hancinsa ƙasa, an raba shi da aikinsa.

Nilon shi ne dattijo a cikinsu. Wallace Carothers da abokan aikinsa ne suka haɗa shi a kamfanin DuPont na Amurka a 1935, aka fara yin zaren fatsa da shi a 1939. Na farkon ya yi tauri, sai a ƙarshen shekarun 1950 da aka fito da mai laushi ya mamaye duniya, ya kori siliki da lilin. Yana da araha, yana karɓar ƙulli, yana jure gogayya, kuma yana miƙewa kamar roba: kafin ya tsinke yakan ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na tsawonsa. Wannan miƙewa alheri ce a wani wuri, sharri ce a wani. Idan kifi ya yi tsalle ya girgiza kai kusa da jirgi, ita ce ke hana ƙugiya yage masa baki. Amma idan kifinka na ƙarya yana can nesa da metir 60, ka kaɗa sanda, sai nilon ya shanye rabin motsin kafin ya isa. Abin da ka aika da ƙarfi sai ya isa a raunane. Ban da haka nilon yana shan ruwa, ƙarfinsa ya ragu, rana tana cinye shi, kuma yana riƙe siffar kwarkwaron da aka naɗe shi a kai, ya fito a murɗe.

Kitsattsen zare ya shigo kasuwar masunta ne a farkon shekarun 1990. Ana kitsa shi, kamar yadda sunan ya nuna, da silalla masu ɗan karen siranta na wani irin foliyetilen da kamfanin DSM na Holand ya fito da shi da sunan Dyneema, Amurkawa kuma da sunan Spectra. Da irinsa ake yin igiyoyin ɗaure manyan jiragen ruwa da rigunan kare harsashi. Miƙewarsa ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, sa'an nan ga siranta: zaren da zai ɗauki kilo 14, in nilon ne kaurinsa zai kai wajen milimetir 0,55, in kitsattse ne bai wuce wajen 0,28 ba. Siririn zare yana keta iska, jifa ya yi nisa, kwarkwaro ya ci metir da yawa. Tun da kuma ba ya miƙewa, duk abin da wuyan hannu ya yi, nan take kifin ƙarya ya amsa. Tun da yana iyo, ba ya yin ciki a ƙarƙashin ruwa tsakaninka da shi. A ganina, wajen babban zaren da ke cika kwarkwaro, gardama ta ƙare: don su na bisa ruwa, kitsattse ne. Wanda ya tsaya ga nilon zai kama kifi, ba shakka, amma zai gaji kafin abokinsa, kuma jifansa ba zai kai inda garken kifi ke farauta ba.

Sai dai kowane gwani da aibinsa. Kitsattse ba ya son kaifi ko kaɗan. Zaren da zai ɗaga buhun siminti rabi, in yana a miƙe ya taɓa ɓawon kawa, sai ka ji sanda ta yi sakayau. Wanda ya san gaɓar Salum ko ta Kazamans a Senegal ya san yadda kawa ke manne da saiwoyin itatuwan bakin ruwa, har mata ke shiga da wuƙa suna ɓamɓaro ta. To a ƙarƙashin waɗannan saiwoyi manyan kifaye ke fakewa. Haka duwatsun da aka jibge a mashigin ruwan Kwatano, wanda Faransawa suka haƙa a 1885 don haɗa tafkin Nokuwe da teku, da rassan da masunta ke kafawa cikin tafkin don tara kifi. Na biyu, kitsattse ba ya ɓoyuwa, a ruwa kamar zaren ɗinki yake. Na uku, laushinsa ya yi yawa: kifin ƙarya yana juyawa a iska lokacin jifa, ko yana karkata a ruwa, sai zaren ya naɗe ƙugiyar gaba, jifan ya tashi a banza. Na huɗu, yana yanka yatsa kamar reza; kada a kuskura a naɗe shi a hannu don ɓalle ƙugiyar da ta maƙale, a naɗe shi a guntun itace.

Saboda waɗannan aibobi ne ake yi masa wutsiya, abin da Faransawa ke kira «bas de ligne»: guntun zare na wani iri, mai kauri, da ake ƙullawa tsakanin kitsattse da kifin ƙarya. Ita ce ke shan gogayyar dutse da haƙori da ƙaya, ita ce ke ɗan miƙewa ta sassauta fizga, taurinta ke nisanta zare da ƙugiya, ita kuma ake kamawa da hannu idan kifi ya iso. A nan ne masunta suka rabu gida biyu, kuma a nan ɗan kasuwa ya kamata ya buɗe kunne, don kuɗin fuloro ya ninka na nilon sau da yawa.

Fuloro ɗan Japon ne. Kamfanin Kureha ya fito da zaren fatsa na farko da aka yi da shi a 1971, da sunan Seaguar. Abin da aka fi tallata shi da shi shi ne wai kifi ba ya ganinsa. Akwai gaskiya a ciki: masana suna auna yadda abu ke karya haske, ruwa yana da 1,33, fuloro 1,42, nilon kuwa ya haura 1,5, wanda ya fi kusa da ruwa ya fi ɓacewa a cikinsa. Ba ya shan ruwa, rana ba ta cinsa kamar nilon, kuma fatarsa ta fi tauri. Don kifin ƙarya mai nutsewa, ko don abincin fatsa da ake ajewa a ƙasan ruwa mai haske, ba a ja da shi. Amma mu koma ga lambobinmu: giram 1780. Ka ɗaura metir guda da rabi na fuloro mai kauri a hancin ƙaramin kifin ƙarya mai giram 12, ka jefa, ka dakata ƴan daƙiƙu kamar yadda ake yi don kifi ya yanke shawara. Cikin wannan dakatawa wutsiya ta nutse, ta yi baka a ƙasa. Fizgar farko da za ka yi, maimakon ta ja hancin gaba, sai ta ja shi ƙasa: mai bakin ludayi ya nutse bai watsa ruwa ba, mai tafiyar maciji ya taho a miƙe kamar kara. An sayi mai tsada an ɓata aiki.

Batun ɓoyuwa kuma, a duba da kyau. Kifin da ke kai hari a sama daga ƙasa yake tahowa, yana kallon abu baƙi a jikin hasken sama, cikin kumfa da ƙara, kuma da gudu. Ba irin kifin da ke tsayawa yana shinshinar tana ba ne. Sa'an nan ruwan bakin kogunan Afirka ta Yamma, musamman da damina, ja ne ko ruwan toka saboda laka. A irin wannan ruwa, bambancin 1,42 da 1,5 magana ce ta cikin littafi. Don haka ra'ayina, kuma ra'ayin da yawa daga masu wannan su: wutsiyar kifin ƙarya na bisa ruwa, nilon ce. Fuloro yana da wurinsa idan ruwa garau ne kamar na waɗansu tsibiran Bijago da rani, ko kifin ƙarya babba ne mai giram 80 ko 100 wanda nauyin wutsiya ba ya damunsa, ko ana janyewa da sauri ba dakatawa, ko kuma wurin duk duwatsu ne. Ko a nan, a gajarta ta.

Kaurin wutsiya kuwa, kifin da ake nema ne ke faɗarsa, da wurin da yake zaune. A nan sai mun ɗan tsaya kan sunaye, don akwai tarko. Abin da ake kira «capitaine» a gidajen abinci na Yamai shi ne giwan ruwa na kogin Kwara. Wanda ake kira da wannan suna a bakin teku wani kifi ne dabam, mai dogayen gashi huɗu a ƙarƙashin ƙirji, kuma ya fi cin abinci a ƙasa, ko da yake yakan taso. Waɗanda suka fi kai hari a sama su ne karang, da jan kifin nan da ake kira karp ruj, da barakuda, da tarpon.

A cikin tafkunan gishiri da ƙananan rafuka, inda kifi bai cika wuce kilo 2 ko 3 ba, kitsattse mai ɗaukar kilo 7 zuwa 10 ya wadatar, da wutsiyar nilon mai kaurin milimetir 0,40 zuwa 0,50. Wuce haka kashe tafiyar ƙaramin kifin ƙarya ne. A bakin kogi, kamar inda Mono ke shiga teku kusa da Garan Popo, ko mashigin Aneho a Togo, inda karang mai kilo 10 ke iya faɗa maka, masunta sukan hau zuwa kitsattse mai kilo 20 zuwa 25, wutsiya kuma 0,70 zuwa 0,80. Karang ba shi da haƙoran yanka zare, amma yana da ƙayoyi masu tauri a gindin wutsiyarsa, kuma yana da taurin kai: yakan juya gefensa ga ruwa ya yi ta kewaya har hannu ya mutu. Karp ruj ya fi shi mugunta. Da ya cafke, ba ya neman fili, rami yake nema. Cikin daƙiƙa biyar ya shige ƙarƙashin dutse ko saiwa. Da shi ba a sassauci, ana ƙara kauri, a ƙara tsawo, a ɗaure birkin kwarkwaro, a hana shi metir na farko.

Tarpon kuwa sarki ne. Bakinsa ƙashi ne mai kaushi kamar takardar goge katako, murfin kunnensa yana da kaifi, kuma da ya ji ƙugiya sai ya tashi sama gaba ɗaya yana girgiza kai. Ba ya yanke wutsiya farat ɗaya, goge ta yake yi a hankali har ta sirance. Don a san girman abin da ake magana: ƙungiyar IGFA, wadda aka kafa a 1939 kuma take riƙe da kundin manyan kifayen da aka kama da sanda, ta rubuta tarpon mai kusan kilo 130 da Bafaranshe Max Domecq ya kama a Rubane, cikin tsibiran Bijago na Gine Bisau, a watan Maris na 2003. A Gabon ma, wajen Sete Kama da Lowango, daga kan rairayi ake jifar manyansu. Wanda ya nufi irin waɗannan wurare ba ya sauka ƙasa da milimetir 0,90 ko 1,00, waɗansu har su wuce.

Barakuda ita ce mai raba gardama da almakashi. Ta gaɓar Gine takan kai kusan metir 2, haƙoranta kuma ba nilon ko fuloron da ke tsaya musu in sun hau daidai. Magani shi ne ɗan guntun waya na ƙarfe, santimetir 15 zuwa 20, a gaban kifin ƙarya. Amma waya tana da nauyi, tana da tauri, tana rage rawar, kuma sauran kifaye sukan guje ta. Shawara a nan ta lissafi ce irin ta kasuwa: in barakuda ta yi yawa har ta raba ka da kifin ƙarya biyu a safiya guda, sa waya, in jefi-jefi take zuwa, ka bar nilon mai kauri, ka ɗauki asarar da ta zo. Dogon kifin ƙarya ma kansa kariya ne, domin sau da yawa haƙori a jikinsa yake sauka. Masu neman tsage a kogin Kwara sun san wannan lissafi tun kafin a zo da kifin roba.

Tsawon wutsiya bai kamata ya zama abin dogon zance ba. Tsakanin santimetir 60 da metir guda da rabi ake yawanci. Gajera tana barin ƙulli a wajen zobban sanda lokacin jifa, ba abin da ke karo. Doguwa tana ba da kariya inda duwatsu suke, kuma tana barin mutum ya yanke ya sake ɗauri sau da yawa kafin ta ƙare. Wanda ke mafarkin shiga kundin IGFA ya sani a ruwan gishiri ba a yarda wutsiya ta wuce metir 4,57 ba ga zaren da bai wuce ajin kilo 10 ba, ko metir 9,14 ga wanda ya fi haka. Sauranmu ba mu kusa da wannan iyaka.

Abin da ya fi tsawo muhimmanci shi ne ƙulli, don a nan zare ke tsinkewa. Kitsattse yana da santsi. Ƙullin da kakanninmu ke yi wa ƙugiya, in aka yi shi da shi, zamewa yake yi. Wajen haɗa shi da wutsiya, ƙulli biyu suka yi suna. Albright ya fi sauƙin koyo, ana iya yinsa cikin jirgi mai tangaɗi, sai dai yana da ɗan kai da ke bugun zobba. Wanda ake kira FG, da ya yaɗu daga masuntan Japon, ba a lanƙwasa wutsiya a cikinsa sam: kitsattsen ne ake saƙawa a jikinta sau wajen 20, hagu da dama, ya cije ta yadda duk aka ja sai ya ƙara kamawa. Siriri ne, yana wuce zobba ba a ji, kuma yana riƙe kusan dukan ƙarfin zaren. Yana son haƙuri. A koye shi a gida bisa tabarma, kada a bari sai an ga kifi na tsalle. Kada kuma a haɗa su da majuyin ƙarfe don gudun wahala: nauyi ne a inda ba a son nauyi, kuma ranar da aka manta aka naɗo shi cikin zoben ƙarshe, zoben ya tsage, daga nan ya riƙa cin zare a ɓoye.

A ɗaya bakin, inda wutsiya ke kama hancin kifin ƙarya, akwai ƙaramin sirri mai babban amfani. In aka matse ƙulli a jikin hancin da nilon mai kauri, an sa masa takunkumi, ba zai iya juya kai ba. Sai a bar masa ɗan zobe na zare, kamar faɗin ƙwayar wake, ya riƙa wasa a ciki. Ƙullin da ke ɗauke da sunan Rapala don haka aka yi shi. In kifin ƙarya ya zo da zoben ƙarfe a hancinsa, wannan ya wadatar, a ɗaura kai tsaye. Zoben zare kuma kada ya yi faɗi har ya kai ga ƙugiyar gaba. Kowane ƙulli a jiƙa shi kafin a ja, domin zafin gogayya yana ƙona nilon da fuloro, ya bar su da rauni a daidai wurin da ido ba ya gani.

Rashin miƙewar kitsattse yana da wani sakamako da sababbin shiga ba su cika lura da shi ba. Da ruwa ya fashe a bayan kifin ƙarya, hannu yakan tashi da kansa. Da nilon, jinkirin zaren yakan rufa asiri. Da kitsattse, an fizge abincin daga bakin da bai rufe ba, wani lokaci ma kifin ƙarya ya taso da ƙugiyoyinsa shida ya nufo fuskar mai shi. A jira sai an ji nauyi a sanda. Birkin kwarkwaro kuma a daidaita shi wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare: mai kilo 20, birki kilo 5 zuwa 7. A auna da ma'aunin rataye irin na masu sayar da nama, kada a dogara da jin hannu.

Yanzu ga abin da ya shafi rumfa. Lambar da ke bisa kwali ba duka ake karanta ta iri ɗaya ba. Kayan Amurka da laba suke lissafi, laba kuwa giram 454 ce: in an rubuta 30, kilo 13 da ɗoriya ake nufi, ba kilo 30 ba, kuma an sha sayar wa mutane wannan da sunan wancan ba da niyyar cuta ba. Kayan Japon suna ɗauke da haruffan PE da lamba, ita kuma kauri take nunawa, ba ƙarfi ba: PE 1 wajen milimetir 0,165 ne, PE 2 wajen 0,235, PE 4 wajen 0,33. Za a ga kuma an rubuta 4 ko 8, wato yawan silallan kitso. Mai 8 ya fi santsi da zagaye, ya fi nisan jifa, ba ya kuka a zobba; mai 4 ya fi kaushi da araha, kuma da yawa suna fifita shi a wurin ciyawa da duwatsu. Jabu ya cika kasuwa, da kwali mai kyau da sunan babban kamfani. Akwai nilon da ake shafa wa fuloro a fata kawai a sayar da shi da sunan fuloro; wannan gwajinsa sauƙi ne, a yanki guntu daga kowanne a tura cikin kofin ruwa, na gaskiya zai riga isa ƙasa nesa ba kusa ba. Ƙarfi kuma ana gwada shi da bido: lita guda kilo guda, a naɗe zaren a itace biyu ba tare da ƙulli ba, a rataya, a riƙa ƙara ruwa har ya tsinke. Ɗan kasuwan da ya yi wannan gwaji a gaban dillali kafin ya biya ya huta da rigimar masu dawo da kaya.

Ajiya ma abin dubawa ce a ƙasa irin tamu. Nilon da ya yi watanni a rataye bakin rumfa, rana na dukansa, ko a ƙarƙashin kwano cikin zafin watan Afirilu na Damagaram ko Tawa, ya riga ya tsufa tun ba a jiƙa shi ba: zai yi fari-fari, ya yi ƙeƙashe, ya tsinke a ƙulli. A aje shi cikin kwali a inuwa, kuma kada a saro fiye da abin da zai fita cikin shekara. Kitsattse da fuloro sun fi haƙuri da ajiya. Shi kuma mai su, bayan kowace fita teku ya wanke kwarkwaro da zare da ruwan daɗi, don gishirin da ya bushe yana zama kamar yashi a cikin kitso. Bayan kowane kifi ya bi wutsiya da yatsu biyu. In ya ji kaushi, ya yanke ya sake. Idan kitsattse ya shekara ya koɗe, ba sai an zubar ba: a juya shi, na ciki da bai taɓa ganin ruwa ba ya dawo waje. Wajen naɗa sabo, a fara sa ƴan metir na nilon a gindin kwarkwaro, in ba haka ba dukan naɗin zai riƙa juyawa bisa ƙarfen, mutum ya ɗauka birki ne ya lalace. Kada kuma a cika shi har baki, a bar wajen milimetir 2, don cikawar ce ke jawo cukurkuɗewar nan da iska ke yi wa zare.

Masu gwadawa a gida, wajen Ayoru ko Gaya, su tuna ruwan daɗi bai kai na teku ɗaukar kaya ba: kifin ƙarya zai ɗan ƙara zama cikin ruwa, wutsiya kuma ta ƙara saurin nutsewa, don haka hujjar nilon ta ƙara ƙarfi a can. Guntayen da aka yanke kuwa a sa su aljihu a dawo da su. Ba ɗaya daga cikin zaren nan uku da ke ruɓewa cikin shekarun ɗan Adam, kuma abin da aka yar a gaɓa yakan ƙare a ƙafar tsuntsu, ko wuyan kunkuru, ko cikin farfelar jirgin wani masunci.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba ƙugiyoyi: mai baki uku da mai baki ɗaya, da irin ƙarfen da ke jure gishiri.